Ƙirjin Gewar

A garinmu matar ɗa ba ta yi wa surukinta magana baki da baki. Mayafi take ja har ƙirji, in tana da abin faɗa ta faɗa wa yaro, yaro ya miƙa, ko da tsohon yana zaune gabanta yana jin komai. Haka Sugna ta zauna da Gewar, uban mijinta. Da 'yarta Tulci ta fara tafiya, sai ta zama bakin uwarta. "Tulci, ce wa Dadanki gurasa tana hucewa." Yarinyar ta sheƙa ta haye cinyar kakan nata, ta kama gashin bakinsa da hannu biyu, ta raɗa masa saƙon a kunne kamar wani babban asiri.

Da aka raba yarinyar da shi, Sugna ta rasa ɗan aike. Sai ta koma kan akuya.

Na fara jin haka wata safiya da na je yi masa aski a garken awaki, inda aka mayar da gadonsa. Ta ajiye gurasar gero da albasa a bakin danga, ta tura kwanon da ƙafa.

"Ke akuya, gaya wa abokin zamanki ga abincinsa. Kuma ya daina kiran 'yar mutane da ido, na gan shi jiya."

Gewar ya yi dariya, dariyar ta juye tari. Na ɗage aska na jira ya gama.

"Ka ji ko, Narsi? Na yi sabuwar jika. Ita wannan ba ta jan gashin baki, cinye shi take yi in na yi barci."

Tun yana saurayi Gewar ke riƙe injin huda dutse a ramin Set Punam, attajirin garinmu, inda ake fitar da jan dutsen nan da manya ke sassaƙa tagogin gidajensu da shi. A bushe ake hudar. Ruwa a ƙasarmu ba abin zubarwa ba ne, kuma jiƙaƙƙen dutse yana rage wa inji gudu. Mutum ya toshe hanci da jelar rawani, ya wuni cikin ƙura, da yamma ya hauro kamar gawar da aka tono. A bakin rami kuma Set yana sa a miƙa wa kowa curin mazarƙwaila, wai tana wanke ƙura daga maƙogwaro. Iyayenmu sun yarda da wannan, mu ma muka taras muka yarda. Har godiya ake yi masa.

Da tari ya kama Gewar aka kai shi asibiti, likita ya saurari bayansa ta kan riga ya ce tarin fuka ne. Ya sha ƙwayoyi har fitsarinsa ya koma ja. Ya gama aka sake ba shi, ya gama aka sake. Tarin bai ko gaishe da maganin ba. Amma sunan ya zauna. Aka ware masa kofi, aka ware masa kwano, aka fitar da gadonsa, aka ja wa Tulci layi a ƙasa da sanda tsakanin tulun ruwa da turken akuya, aka ce in ta tsallake za ta mutu.

Ni wanzami ne, hannuna ya taɓa maƙogwaron kowane namiji a garin nan. In da ciwon yana yaɗuwa, da matan da ke kwana da masu tarin ne suka fara tafiya. Amma ka leƙa bakin rijiya da safe: matan mamata ne reras, ko mura ba sa yi. Na faɗa wa Hadman, ɗan Gewar, mijin Sugna, wanda ya gaji injin ubansa. Ya ce, "Narsi-ji, kai dai yi askinka."

Ana nan wata lauya ta zo daga birni, Mitali sunanta, siririya, kai ba lulluɓi. Ta tsaya ƙarƙashin darbejiyar da nake ajiye kujerar askina, domin nan maza ke taruwa ranar da ba a shiga rami. Ta ce kundin tsarin mulkin ƙasa ya ba kowane mutum haƙƙin rayuwa. Ta ce kotun ƙoli ta daɗe da yanke cewa rayuwa ba shaƙar numfashi ba ce kawai, rayuwa ce da mutunci, kuma lafiyar ma'aikaci tana cikin wannan haƙƙi, ba alfarma ce mai rami ke yi masa ba.

Pokar, wani mai fasa dutse da bakinsa ya fi gudumarsa nauyi, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Behenji, 'yar'uwa, a fara ba mu shaƙar numfashin tukuna. Mutuncin ya biyo motar gobe."

Aka kwashe da dariya, rabinta tari.

"A wane shago ake rabonsa?" in ji wani. "Tare da kananzir, ko layinsa daban?"

Ba ta ji haushi ba, ta bari suka gama. Sannan ta ce abin da ke cin ƙirjinsu ba tarin fuka ba ne, ƙurar dutse ce take taruwa a huhu har ya sandare. Ta ce ta samo umarnin kotu: ranar Laraba ta sama mota za ta zo da injin hoton ƙirji da likitoci, a duba duk wanda ya taɓa shiga rami. Duk ramin da aka samu masu ciwon a cikinsa za a rufe shi, har sai an sa wa injuna ruwa.

Nan dariya ta ɗauke. Na ga maza suna duban juna ta gefen ido.

Gewar yana can nesa jikin katangar makaranta, inda ya saba zama don kada a ce ya matso. Sai da ya tara numfashi kafin muryarsa ta iso.

"Behenji. Shi wannan ciwon na ƙura, yana kama yaro?"

"Ba ya kama kowa, Baba. Sai wanda ya shaƙi ƙurar."

"Ko yaron ya hau cinyarka?"

"Ko ya kwana a ƙirjinka."

Ya dafa katanga ya miƙe, ya kama hanyar gida yana tsayawa yana hutawa.

Washegari da na je, na taras ya riga ya kai ƙara gaban akuya, Sugna kuma tana ba da amsa daga bakin murhu.

"Ke akuya, ce masa maganar mace mai yawo kai buɗe ba ta shiga gidan nan. Likita ne ya ce tarin fuka. In wani likitan ya zo da inji ya ce ba shi ba ne, to, na ji. A ranar, ni da kaina zan ɗora masa ita a cinya. Kafin nan kuwa, layi yana nan."

"Ka zama shaida, Narsi," in ji shi.

"Na ji, Bindni," na ce mata, yadda muke kiran matar ɗa. "Na riƙe."

Daga ranar Gewar ya koma kamar ango. Ya sa na rage masa gashin baki na murɗe shi sama, yadda yarinya za ta ji daɗin kamawa. Ya wanke rawaninsa da kansa, yana zaune, ya shanya a kan danga. Abu ɗaya ya dame shi. Lauyar ta ce in ka tsaya gaban injin za a ce ka ja numfashi ka riƙe, in ka saki hoton ya lalace. Sai ya shiga koyo. Ya kama turken akuya ya miƙe, ya ja abin da ƙirjin zai iya ɗauka, ya rufe baki, idanunsa su firfito. Kafin in goge aska a tafin hannuna ya saki, ya durƙushe yana haki.

"Yau na fi jiya, ko?"

"Ka fi jiya," nakan ce.

Ana saura 'yan kwanaki Set Punam ya zo aski. Yakan aika ne in je gidansa, amma ranar ya zo da kansa ya zauna a kujerata a bainar jama'a.

"Narsi, ka san ni mutum ne mai tsoron Baba na Ramdewra, waliyyinmu. Na yi mafarki. Mutanena suna tari, ni ina kwance kan katifa. Na ɗauki hayar babbar mota, duk mai tari a garin nan zan kai shi hubbaren Baba ya roƙi lafiya. Abinci nawa, tuta tawa, masu ganga nawa."

"Wace rana, Hukum?" na tambaya. Haka muke kiran manya, kamar a ce ranka ya daɗe.

"Laraba."

"Ai Laraba motar hoto za ta zo."

"Ashe?" Ya lumshe ido. "Ka ga ikon Baba."

Askata tana kan maƙogwaronsa a lokacin. Maƙogwaro mai taushi, sumul, bai san tari ba. Na gama masa tsaf na shafa masa turare.

Ba wanda aka yaudara a garin nan, kada wani ya gaya maka haka. Kowa ya gane, kuma kowa ya ji sanyi a ransa. In an rufe rami me za a dafa? Pokar da kansa ya ce mutunci ba ya nuna a tukunya. Masu tari suka shiga neman fararen riguna. Mutum ɗaya ne ya ce ba ya zuwa: Gewar.

Set ya san inda zai kama shi. Lokacin haihuwar Tulci naƙuda ta yi tsanani, Gewar ya yi bakance cewa in uwa da 'ya suka tashi zai kai wa Baba dokin ƙyalle da hannunsa. Suka tashi. Aiki ya hana shi zuwa, daga baya ciwo ya hana shi. Tsofaffin mata sun daɗe suna cewa wannan bakancen ne ya zauna masa a ƙirji.

Ina cikin garken Set ya shigo, riƙe da dokin ƙyalle kore mai jan sirdi. Ban da ni ba wanda ya taɓa tsallake dangar nan. Ya zauna a bakin gadon, cinya da cinya, ya dafa kafaɗar Gewar. Tari ya taso wa Gewar a kan fuskarsa, ko kau da kai bai yi ba. A nan na gane Set ya daɗe da sanin sunan ciwon.

"Gewar-ji, ɗan'uwana. Ga dokinka. Baba yana jira."

"Na gode, Hukum. Alhamis zan je."

"Alhamis ba mota."

"Zan je da ƙafa."

Set ya yi dariya har da dukan cinya. "Da ƙafa! Kai da ba ka kaiwa bakin rijiya. Haba, Gewar-ji. Za ka ce wa Baba ya jira inji? Shi da ya tayar maka da yarinya? In ya ji haushi ya karɓi abinsa fa?"

Daga bayan danga na ji Sugna ta ja numfashi.

"Hukum," in ji Gewar, "na ba ka ƙirjina duka, ban rage komai ba. Safiya ɗaya nake roƙo. A ɗauki hoton, ko su rufe rami ko su bari, ba ruwana. Ni yarinyar nake so ta hau cinyata."

Set ya ajiye dokin a kan gadon, ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya gaban Hadman.

"Injin da ke hannunka, mutum nawa ke roƙona shi, ka sani?"

Ranar Laraba ina buɗe akwatin aski na ga Gewar zaune a kujerata, da wankakken rawani da farar riga. Kujerar tana kallon filin makaranta, inda motar hoto za ta tsaya. Ban san yadda ya yi ya iso ba, amma gwiwoyin wandonsa duk ƙasa ce.

"Yau ba aski," in ji shi. "Aron kujera na zo."

Babbar motar ziyara tana tsaye a bakin hanya, an lulluɓe ta da tutoci, ganga tana tashi. Masu tari sun shige, kowa ya leƙo da kai ta taga. Sai ga jama'a sun nufo darbejiya, Hadman a gaba, Set a baya can yana murmushi. Wani ya rataya wa Gewar sarƙar furanni a wuya. Mata suka ɗauki waƙar Baba.

"Bapu, tashi mu je," in ji Hadman ga ubansa.

"Je ka, ɗana. Ka gaishe shi."

"Bapu, kada ka kunyata ni gaban mutane."

"Kai tsoho, tashi!" in ji wani daga baya. "Kai ka gama cin naka, za ka toshe mana namu?"

"Hotonka wa zai rataya a ɗaki?" Pokar ya ƙwalo daga tagar mota. "Ko lokacin da kake da ƙirjin ba kyau gare ka ba!"

Gewar ya sa hannu biyu ya riƙe hannuwan kujera. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana danne injin huda dutse, ƙirji ya tafi amma yatsu suna nan. Samari biyu suka ja, kujera ta taso tare da shi.

Na ce, "Ku bar mutum mana. Ziyara dole ce?"

"Wanzami, gemunmu kake ci," in ji wani. "In mun bar garin nan awaki za ka yi wa aski?"

Hadman ya durƙusa gaban ubansa. Bai dubi idonsa ba.

"Bapu, bakancen na Tulci ne, ai da ita za a je. Tana cikin mota. Kujera ɗaya za ku zauna. Uwarta ta yarda, ta ce gaban Baba ba ciwon da ke kama yaro."

Gewar ya juya. Ga Tulci kuwa a tagar baya, an yi mata kitso da jan zare, ta rungume koren dokin, tana ɗaga masa hannu.

"Dada! Dada, zo ka ga dokina!"

Na ga yatsun suna sakin kujera ɗaya bayan ɗaya.

Hadman ya goya shi, jama'a suka ɗauki kirarin Baba, ganga ta ƙara zafi. Daga inda nake tsaye ina ganin gefen motar duka. Ana shigar da shi ta ƙofar gaba, wata mata a ciki ta ɗaga Tulci ta miƙo ta ta tagar baya, Sugna ta cafe ta, ta toshe mata baki da gefen mayafi, ta shige lungu da ita. Dokin aka bari a kan kujera. Aka rufe ƙofa, mota ta tashi.

Na ga fuskarsa sau ɗaya, manne da gilashi, baki buɗe. Ko ihu yake ko numfashi yake nema, ganga ba ta bari na ji ba.

Ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba motar hoto ta shigo. Lalle sun yi kiciɓis a hanya. Likitocin sun yi aikinsu, ban ga laifinsu ba: wanda aka kawo musu shi suka duba. Aka jera musu sababbin samari da ba su daɗe da shiga rami ba, da masu gadin gidan Set, da mai dafa masa abinci, har da direbansa. Kowa ya ja numfashi ya riƙe kamar mai nutso a tafki. Ƙirji garau, ƙirji garau. Lauya Mitali ta zagaya filin tana duba fuskoki, daga baya ta zo wurina.

"Ina tsohon da ya tambaye ni zancen yaro?"

Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon kujerar. Sarƙar furannin ta tsinke wajen kokawa, furanni sun zube a ƙasa, akuyar wani tana tsinta.

"Zan nemi kotu ta sa wata rana," in ji ta.

"Ki nema, Behenji. Wuraren ziyara suna da yawa a ƙasar nan."

Washegari motar ziyara ta dawo da Gewar kwance a tsakanin kujeru, an rufe shi da tuta. A layin shiga hubbaren ya faɗi, cikin zafi da cunkoso, dokin yana hannunsa. Pokar ya ce tun da suka tashi bai yi wa kowa magana ba, ko ruwa ya ƙi karɓa daga hannun ɗansa. Amma ba haka aka faɗa a gari ba. Cewa aka yi ya mutu a ƙofar Baba, wa ya kai shi sa'a.

Lauyar ta aiko a dakata da ƙona gawar kamar yadda muka saba, likita ya buɗe ƙirjin ya gani, shaida ce da kotu za ta karɓa. Gari ya tashi kamar an taɓa gidan rina. A yanka mutumin da ya cika a ƙofar Baba? Kafin rana ta faɗi an kai shi filin ƙona gawa. Set ya ba da itace da man shanu, bai yi rowa ba. Ni na aske wa Hadman kai, kamar yadda ake yi wa ɗan mamaci.

Rana ta uku muka koma tsintar furanni, ƙasusuwan da wuta ta bari, waɗanda ake kai wa kogi. Hadman yana tona toka da sanda, sai sandar ta daki wani abu. Ya share tokar. Curi ne baƙi, biyu manne da juna, kamar an haɗa tafin hannu biyu, daidai inda ƙirji ya kwanta.

Na sha ganin irinsa a tokar 'yan rami. Dattawa sukan farfasa shi da sanda su tura cikin toka, ba mai cewa uffan. Hadman ya ɗaga sanda ya buga. Bai fashe ba. Ƙara ya yi, irin wadda duk ɗan rami ya sani, ƙarar dutse mai kyau wanda ba tsaga a cikinsa.

Ya ɗauke shi da hannu biyu. Da sauran ɗumi.

Na matsa kusa na rage murya. "Ga hoton da yake nema. Naɗe shi a rawaninka, ka hau motar yamma ka kai wa lauya. Ko ba komai a faɗi sunan abin da ya kashe shi. Matarka ta ji, 'yarka ta ji."

Yana kallon abin, leɓensa yana motsi. Sai wani ɗan tari ya kuɓuce masa, busasshe, gajere. Ya yi sauri ya kau da kai kamar toka ce ta shige shi. Ni kuwa na san wannan tarin. Sau da yawa na ɗage aska daga wuyan ubansa saboda shi.

Ina jin da an bar shi da ya tafi. Ban sani ba. Set Punam yana tsaye bakin fili tare da dattawa, shi ya ɗauki nauyin abincin makoki. Ya ga mun sunkuya, ya tako. Ya dubi abin da ke hannun Hadman, ya dube ni, ya dubi hanyar da motar birni ke bi. Na sha zama da 'yan kasuwa, amma ban taɓa ganin kai ya yi aiki da sauri irin na ranar ba. Ya tuɓe takalmansa. Ya zube a cikin toka da farar rigarsa, goshi a ƙasa.

"Jama'a, ku zo ku gani! Wuta ta ƙi cin ƙirjinsa! Baba ya taɓa shi a ƙofarsa, ya mayar da shi dutse! Waliyyi muke zaune da shi a garken awaki ba mu sani ba!"

Aka rugo. Tsofaffi suka fara kuka. Pokar, wanda ya san gaskiya sarai, domin irin curin yana girma a nasa ƙirjin, shi ya fara ɗaga kirari. Aka karɓe abin daga hannun Hadman, ban ma ga wanda ya karɓa ba. Aka wanke shi da madara.

Set ya gina masa dakali a bakin rami, da jan dutse mafi kyau, irin wanda ake kai wa birni. Aka shafe shi da jan sindur, garin nan da ake shafa wa abin bauta, aka kafa tuta, aka ajiye koren dokin a gefensa. Yanzu duk safiya kafin a sauka, kowa sai ya taɓa shi ya shafa a ƙirji, wai maganin tari ne. Mazarƙwailar yamma ma a gabansa ake fara ajiye ta, ta sha albarka, sannan a raba. Da lauyar ta dawo ta roƙi a ba ta shi a kai wa likitoci, mata ne suka kore ta da tsintsiya, matan mamata a gaba.

Ranar da aka buɗe dakalin ina wurin. Sugna ta zo da Tulci, mayafi har ƙirji kamar kullum, domin suruki suruki ne ko ya zama dutse. Ta ajiye kwanon madara, ta ja da baya.

"Tulci, ce wa Dadanki ya tsare mana ƙirjin Bapunki."

Yarinyar ta tsaya cak, hannu a baya, daidai nisan da aka koya mata tsakanin tulu da turke.

"Matsa mana. Taɓa shi."

"Kin ce in na taɓa shi zan mutu."

Wasu suka yi dariya. Sugna ta kama ta ta ƙeya, ta ja ta har gaban dakali, ta danna goshinta a kan dutsen, ta riƙe. Da ta sake ta yarinyar ta ɗago da jan sindur har kan hanci. Ba ta yi kuka ba.

"To faɗa masa saƙon, mu tafi."

A can ƙasa Hadman ya tayar da inji, ƙura ta fara haurowa bakin rami. Tulci ta dafa dutsen da hannu biyu ta leƙa ta wannan gefe, ta zagaya ta leƙa ta wancan, tana neman inda kunnensa yake.